Ba a Kiran Gayya da "Fosibili"

Jiya na raka maƙwabcina Obadiah daga Kwoi zuwa Kafanchan a kan acaɓa, mu biyu da mai tuƙi, ƙashin bayana har yanzu bai yafe mini ba. Tun da cuta ta cinye masa citta, Obadiah ba shi da iri. An ce wani babba zai raba wa manoma sabo, shi ne muka je jin ko zai iso kafin shuka ta wuce.

Muka yi zaman benci har inuwa ta juya. Can sai ga Mai Girma Uban Manoma ya fito, wani na riƙe masa waya, wani na riƙe ƙofar mota. Obadiah ya cire hula ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, irin nan zai zo kafin ruwa ya zauna?"

Mai Girma ya dube shi da fara'a ya ce, "Fosibili." Gilashi ya rufe.

Obadiah ya juyo gare ni, tunda ni ne mai yawan karance-karance a unguwa. "Maƙwabci, ya ce e ne ko a'a?"

Na ce kalmar Turanci ce, ma'anarta mai yiwuwa.

"To ai komai mai yiwuwa ne. Akuyata ma mai yiwuwa ta haifi ɗan maraƙi."

A hanyar dawowa abin ya yi ta cin raina. Mu ma muna da wataƙila, amma wanda bai sani ba ke faɗinta. Ka tambayi tsoho ko za a yi ruwa gobe, ya dubi gabas ya ce wataƙila, don hadari ba a aljihunsa yake ba. To wanda makullin sito ke aljihunsa fa? Ƙarya dai bai yi ba. Ko a coci ko a masallaci ba wanda zai kama shi da ita. An ce alkawari kaya ne, shi kuwa bai ɗauka ba, ya ɗora wa Obadiah ya shige mota. Wallahi na jinjina wa ilimi. Da can ƙarya suke mana, mu samu abin zagi. Yanzu ko wannan sun hana mu.

Ga inda gizo ke saƙa. Citta ba a shuka ta mutum ɗaya. Sai ka kira gayya, matarka ta dama kunu ta dafa wake, a yi kaftu, a sa iri, a yanko ciyawa a rufe. Idan mutane suka baro gonakinsu suka tarar ba iri, baɗi ko kare ba zai amsa kiranka ba. In kuma ka zauna jiran gawon shanu, masara ma ta wuce ka, yara su ci me?

Da muka iso, Regina matar Obadiah tana tankaɗe a tsakar gida.

"Baban Kaleb, in jiƙa dawa ko kar in jiƙa?"

Ya faɗa mata kalmar, har da kwaikwayon muryar.

Ta ce, "Ni ban yi boko ba. Asabar mutane za su zo ko ba za su zo ba?"

Ya dubi gonar cittar da ta biya wa 'ya'yansa makaranta shekara da shekaru. Sannan ya ce, "Jiƙa. Masara za mu sa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni."

Irin kuwa, kada ku yi wa Mai Girma mummunan zato, zai iso. In ya zo tsakiyar Agusta, bayan shuka ta daɗe da wucewa, Zamzam mai kunun bakin tasha ta ce tana so, kununta ya kwana biyu ba yaji.