Rasuwar 'Yar Toka, Kwat ɗin Shagon Hoto

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika taf, ni mai hoto na ƙarƙashin bene, a madadin matata da kyamarata da tsohuwar kwamfutata, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar rigar kwat ɗina, wadda aka fi sani da 'Yar Toka. Ta rasu ranar Alhamis da hantsi, a kan kafaɗuna, a gaban madubin shago, bayan doguwar jinyar da na daɗe ina yi kamar ban gani ba.

Da yawa za su ce ba su san marigayiyar ba. Kun san ta sarai. Duk wanda ya shigo shagona a shekarun nan don hoton neman aiki, ita ya saka. Wanda ya fito cikin shuɗi mai duhu, ita ce. Wanda ya fito cikin ruwan hanta, ita ce. Ruwan ƙasar nan da ke manne a katin aikin akawun da ke zaune a saman benenmu, ita ce dai. Kwat ɗaya gare ni tal, launinta na haihuwa ruwan toka, sauran duk aikin hannuna ne a kwamfuta.

Don kaina na saye ta, ina saurayi, lokacin da na gama koyon zane a kwamfuta. Na ce kafin shekara ta zagayo zan shiga da ita ofis mai taga. Ba wanda ya kira ni. Sai na kama wannan ɗakin na ɗan lokaci, na kafa ƙusa, na rataye ta ita ma na ɗan lokaci. Ɗakin ba shi da taga, rufinsa cikin matattakala ne, duk mai hawa bene sai ya taka saman kaina. A nan na yi aure, a nan furfura ta same ni, ita kuma tana rataye tana kallona.

Marigayiya mai sauƙin kai ce wajen karɓar launi. Ku tambayi duk mai irin sana'ata. Baƙar riga ba ta jin magana, ka zuba mata kore ta yi zamanta baƙa ƙirin. Fara kuma ta sha launi har ta koma kamar an yanko kwali an manna wa mutum a ƙirji. Amma 'Yar Toka, Allah sarki! Nakan bi gefenta da linzamin kwamfuta a hankali, in ware ta daga wuyan mutum da farar rigar da ke ciki, in shimfiɗa launin daban a samanta, ban taɓa haskenta da inuwarta ba. Sai ka ga launi ya ratsa tsakanin zare da zare ya zauna daram. Saƙar tana nan, lanƙwasar hannu tana nan, har ɗan gashin yadin da ke tashi a kafaɗa yana nan. Ko ka matso da hoton har hancinka, ba za ka ce fenti ba ne.

Ta kuma iya rufa asiri. Na tuna ranar da wani saurayi, Dogo, da abokinsa suka zo tare, su biyun wuri ɗaya suka nemi aiki. Da Dogo ya fita, abokin ya matso kusa da kunnena ya ce, "Mai hoto, don girman Allah kada ka ba ni irin tasa." Na ba Dogo shuɗi, shi na ba shi ruwan ƙasa, alhali ɗumin jikin Dogo bai gama barin rigar ba. Su biyun aka ɗauka. Yau Dogo da motarsa yake wucewa, in ya ga dama ya danna mini hon.

Ba ta da surutu. Abin da nake tunawa da shi kawai shi ne "shuuu" ɗin shafinta in hannu ya zura, da "ƙas" ɗin hanga in na mayar da ita ƙusa. Tun Alhamis ban ji ko ɗaya ba, ɗakin ya ƙara matsewa.

Ciwo ya fara mata ne daga wuya da gwiwar hannu. Guga da gumin jama'a suka cinye saƙar, wuraren suka yi sulɓi suna ƙyalli. In na ɗora launi a nan, sai ya kwanta kamar fenti a bayan kwano. Na koma kwafo lafiyayyen zare daga ƙirjinta ina dasa mata a wuya, hoto bayan hoto, ba wanda ya gane. Matata ce kawai ba ta ruɗuwa. Wata rana ta kawo mini abinci, ta dubi rigar, ta dube ni, ta ce, "Maigida, ita ta gaji, kai ma ka gaji. A hoto kawai kuke da lafiya."

Ita ce kuma ta ga sanarwar cewa wani babban kamfanin buga takardu yana neman mai gyaran launi. Ta tsaya a kaina sai da na nema. Na zauna gaban kyamarata na yafa marigayiya ban ɓalla maɓalli ba, na ba kaina shuɗi mai duhu, na tura. Jama'a, sai ga kira. Karo na farko a rayuwata! Aka ce in zo ranar Litinin da safe a yi mini tambayoyi, kuma in zo cikin kwat. Shekarun da suka ƙayyade, ina daidai bakinsu. In wannan ta wuce ni, ba wata ƙofar kuma, a ƙarƙashin benen nan za a zo a ɗauke ni.

Shi ne ranar Alhamis na ce bari in gwada ta sosai. Na zura hannu, ta ce "shuuu" kamar kullum. Na riƙe numfashi na ɓalla maɓalli, don kujerar kwamfuta ta ƙara mini faɗin da ban san da shi ba. Na tsaya gaban madubi, na yi murmushi, na miƙa hannu kamar ina gaisawa da manaja. Nan ta yi maganarta ta ƙarshe: "ƙyaaat!" Daga wuya har ƙasa, ta tsakiyar baya. Ta ɗauki ƙato da siriri shekara da shekaru ba ta yi ƙorafi ba, sai mai ita ne ta kasa ɗauka.

Na ruga da ita wurin tela maƙwabcina. Ya ɗaga ta a haske, ya ja yadin da yatsa biyu, ya girgiza kai. Ya ce, "Mai hoto, allura ba ta da inda za ta kama. In na ɗinke nan, can zai buɗe. Ba ka gyara ta a kwamfutar taka?" Na karɓi abata na fito. Na bi waɗanda suka ci arzikinta neman aron kwat. Dogo ya ce tasa tana wurin mai wanki. Abokinsa bai ɗauki waya ba. Akawu, Allah Ya saka masa, ya sauko da tasa, amma hannuna ɗaya kawai ya shiga. Sabuwa kuwa, wanda ya san shagona ba zai yi mini wannan tambayar ba.

Ta rasu ta bar 'ya'ya rututu a cikin kwamfuta, shuɗaye da jajaye da koraye, kowanne da saƙar uwarsa. Ta bar hanga da ƙusa, da farar rigar da suka yi zama tare. Ta bar ni.

Game da jana'iza, iyali sun zauna sun yanke shawara. Matata ta haɗa bayan da fil ta ciki, gaban kuwa lafiyarsa ƙalau. Za a ɗauki gawa ranar Litinin da safe daga ƙofar shago, a kan kafaɗuna, cikin launinta na gaskiya, zuwa ofishin kamfanin. Ba zan jingina a mota ba, ba zan sunkuya ba. Wanda ya miƙo mini hannu a hanya ya yi haƙuri, ba girman kai ba ne. Zan shiga wurin manaja da gaba, in fito da baya.

Ba a buƙatar kuka ko taro a shago. Duk wanda ya taɓa samun aiki da ita, in yana son yi mata rakiya, ya zo da wuri. Ku bi bayana, don Allah, ku matso sosai.