Ƙurajen Gyaɗar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗora wa gyaɗar surukina cutar da ba ta da ita ba.

Lokacin ban daɗe da fara koyar da bayoloji a wata sakandare a Gusau ba. An riga an kai gaisuwar neman aurena da Hauwa'u, 'yar garin Furfuri, sai na je gaida mahaifinta wata Asabar da hantsi, tsakiyar damina. Aka ce yana gona. Maimakon in jira a zaure kamar mai hankali, na naɗe ƙafar wando na bi shi (da takalmi sau-ciki, a cikin laka).

Na same shi da wasu dattawa biyu suna hutawa a gindin ɗorawa. Da muka gama gaisawa ya ce musu, "Wanga shi ne malamin da nike ba ku labari. Ilimin tsirrai ya karanta."

Nan kaina ya fara girma. Kamata ya yi in sunkuyar da kai, amma idona ya faɗa kan wani tushen gyaɗa da fartanya ta tuge. Na ɗauka na kakkaɓe ƙasar. Saiwar duk ƙuraje, ƙanana, ba su kai ƙwayar dawa ba. Sai na tuna wani hoto a littafi, saiwar tumatir da tsutsotsi 'yan mitsi-mitsi suka kumbura.

"Baba," na ce, "gonar nan ta kamu."

Ban tsaya nan ba. Na durƙusa na zana musu tsutsar a ƙasa da tsinke. Na ce a tuge duk wadda ta kamu a ƙone, sauran a yi mata feshi. Ɗaya daga cikin dattawan ya miƙa hannu ya tugo wata, ita ma haka. Na girgiza kai cikin tausayi na ce, "Kun gani, har ta bazu."

Baba ya karɓi tushen. Ya cire ƙurji ɗaya, ya fasa da farce, ya nuna mini. Cikinsa ja-ja.

"Malam, in ka ga jan ciki haka, lafiya lau take. Ranar da na tuge gyaɗa ban ga waɗanga ba, rannan hankalina ka tashi. Inda suka yi yawa, baɗi gero ba shi neman taki sosai. Sunansu ne dai ban sani ba. Ku a boko mi kuke ce masu?"

Abin takaicin, na san amsar. Bakteriya ce da ke zama a saiwar gyaɗa da wake, tana jawo sinadari daga iska tana mayar da shi abincin shuka. Makonni biyu kafin nan na koyar da darasin, har na sa shi a gwaji. Ban dai taɓa ganin abin ba sai da alli, kuma a zanena kowane ƙurji ya kai ƙwan zabo.

Na faɗi sunan da muryar da ni kaina da ƙyar na ji.

"Ashe ya sani," in ji ɗaya dattijon. "Gwada mu yake yi."

Baba ya ce haka ne. Wannan rufin asirin ya fi dariya zafi.

Duk da kunyar, sai da na roƙi tushen (ban san inda na samo ƙarfin halin ba). Ranar Litinin na murje ƙurji ɗaya a kan gilashi, na leƙa ta madubin ƙara girma na makaranta. Ga ƙwayoyin bakteriyar nan birjik. Na daɗe a sunkuye har aka buga ƙararrawa ban ji ba.

An ɗaura auren bayan girbi. Baba bai taɓa tayar da maganar ba, amma Hauwa'u ta ji, kuma ita ba ta gaji haƙurinsa ba.

Tun daga lokacin, in na shiga gonar mutum tambaya nake fara yi. In kuma ilimin ya matsa sai ya fito, ina riƙe shi har in kai aji, inda ba mai fartanya.