Motar da Ta Yi Tari

"…Gajiya ta bi lafiya, tsohuwa. Ya ƙafar?"

"Ƙafa da sauƙi, ba don halinka ba."

Mu'awiyya na durƙushe a ƙofar ɗakin kakarsa Hindu, a gidansu na Ikara, ita kuwa tana tsince busasshen barkono a faifai kamar ba ta damu da zuwansa ba. Ya san ƙarya take yi. Kuɗin rakensa na bana kaf ya tattara ya sayi mota, don ya riƙa jigilar fasinja zuwa Zariya, motar kuwa ko mako ba ta cika ba ta mace a hanyar Kurmin Kogi, da tsohuwar a ciki. Shekaranjiya aka ja ta aka mayar wa mai ita, sai yanzu ya dawo. Duk gidan an ƙagu a ji yadda aka kwashe, shi ko ɗan banzan ya yi niyyar sai ya ja mata rai.

"To, mijin wahala, an karɓi gawar, ko ka dawo mana da ita mu yi mata sutura?"

"Wace gawa? Motata garau take sai da kika shiga. Nauyin shekarunki ne ya karya mata baya."

"Ni da iska ke neman ɗauka? Motar da tun a gidan mai sayarwa na ji tana tari irin na tsohon mashayin taba!"

"Ke da ba kya jin kiran salla sai an taɓa ki?"

"Kunnen nan dai shi ya ji. Naka yana wajen rediyo. An kunna maka kiɗa, an fesa turare a kujera, ka washe baki har da cewa a kawo makulli."

"Ai ban yafe miki ranar nan ba. Kika nace sai kin bi ni, kika kunyata ni a gaban manyan mutane. Ana maganar inji da giya, ke kina cewa a buɗe mata baki ki ga haƙora."

"Ƙarya kake yi, gabanta na ce a buɗe."

"Sannan kika dubi Alhaji mai motocin, mutum da babbar riga, kika ce in ta yi ciwo kafin kasuwar Makarfi ta zagayo, tasa ce. Sai ka ce cinikin san huɗa! Har masu wankin mota sai da suka yi dariya."

"Ubana bai taɓa sayen dabba babu sharaɗi ba, kuma malami ne, ya ce addini ya yarda. Alhajin naka ya yi dariya, amma da bakinsa ya ce ya amince, ko ba haka ba? Kuma sai da na sa Sada dillali ya maimaita kafin ya sa la'ada a aljihu."

"Sau biyu ma. Na so ƙasa ta tsage in shige."

"Da ta tsage da mun huta. Da ta mutu a hanya kuma, wane mai hankalin ne ya kira bakanike ya farke inji?"

"Gyara zan yi! Mutum ya zo da sifanarsa, sai ga tsohuwa ta ɗare kan bonet ta miƙe ƙafa, wai sai dai a kwance da ita. 'Yan acaba suna tsayawa suna ɗaukar hoto."

"Su ɗauka, ina da kyau. Kai ka taɓa ganin an yanka akuya sannan a mayar wa mai ita a ce ba ta da lafiya? Wajen saukowa na gurɗe ƙafar nan, kuma ko man zafi ba ka saya min ba."

Nan ta ture faifan gefe. Muryarta ta sauka, wasan ya fita daga cikinta.

"Mu'awiyya, bar zolaya. Na ga yadda ka sha rana a gonar nan. Me aka ce?"

Tausayinta ya kama shi, har ya ji kunyar jan ran da ya yi mata. Ya gyara zama.

"Da fari Alhaji ya ce ciniki ya ƙare, wanda ya saya ya saya. Sai Sada ya tashi ya ce a'a, a gabansa aka yi sharaɗi, kuma kasuwa ba ta zagayo ba. Alhaji ya sa yaransa suka duba inji, suka ce ko ƙusa ɗaya ba a taɓa ba. Ya ce da an kwance, ko sama da ƙasa za ta haɗe ba zai karɓa ba. Ya karɓi abarsa, ya ba ni wata. Ya ce in gaishe da lauyata."

"Alhamdu lillahi." Ta shafa addu'a. Nan take kuma ta murtuke fuska. "Sabuwar fa, ka sa sharaɗi, ko an sake kunna maka rediyo?"

"Da bakina na faɗa, Sada ya maimaita. Ba wanda ya yi dariya. Taso ki ga haƙoranta."

Ta dafa kafaɗarsa suka fito ƙofar gida, tana ɗingishi tana mita. Maimakon ya kai ta gaban motar, sai ya zagaya da ita baya. Ya san ba ta karatun boko, saboda haka da ajami ya sa mai fenti ya rubuta a gilashin, manya-manya: Na gode Hindu.

Ta bi rubutun da yatsa a hankali, leɓunanta na motsi. Sannan ta kai bakin mayafi ido.

"Kuka kike yi, tsohuwa?"

"Uban wa ke kuka? Hayaƙin motarka ne."

"Wannan ba ta hayaƙi. Ko tayar da ita ban yi ba."

Dariya ta ƙwace mata, ta kai masa duka a baya.

"Ja'iri. To buɗe min gidan gaba, ka tayar in ji ko tana tari."