Tayin Malam Tanimu

Duk wanda ya zauna a Dogon Gida, tsohon benen nan mai hawa shida da hukumar gidaje ta rushe, ya san Malam Tanimu Bismillah. Bismillah ba sunan mahaifinsa ba ne, halinsa ne ya jawo masa. Shi da bakinsa yake ba da labarin nan yanzu, yana yi yana dariya har da share ƙwalla, saboda haka kada wani ya ce gulma nake yi.

Malam Tanimu ɗan fansho ne, tsohon akawu a ma'aikatar gona. Bai gina gida ba, bai sayi mota ba, 'ya'ya duk sun yi aure sun watse, daga shi sai matarsa Hansatu a can ƙololuwar bene. Abu ɗaya ya tara a duniya, shi ne suna. Kullum aka idar da sallar magariba a ɗan masallacin da ke gindin benen, sai ya miƙe ya karkaɗe riga, ya dubi jama'a da fara'a ya ce, "Jama'a, bismillah, ku taso mu hau mu ci tuwo."

Mu Hausawa dai an san mu da tayi. Mai yi ya san ba za a ci ba, wanda aka yi wa ya san ba don ya ci aka yi ba, kowa ya ce alhamdulillahi a rabu da mutunci. To amma na Malam Tanimu ya wuce nan. Shi har hannun mutum yake riƙewa, ya faɗi irin miyar da aka kaɗa, ya rantse akwai man shanu, in an ƙi kuma ya ɓata rai kamar an yi masa laifi. Baƙo da ɗan gari, mai gyaran takalmi da mai unguwa, ba wanda ya tsira daga tayinsa.

Abin da ya sa ba a taɓa ci ba kuwa, matakala ce. Matakalar Dogon Gida ga tsayi, ga ƙunci, ga duhu ko da rana tsaka, ƙarfen dafawa ya daɗe da karyewa, a kowace kwana kuma akwai akuyar wani a kwance tana tuƙa. Ruwan famfo ma a hawa na biyu yake gajiya ya koma. 'Yan garuwa in suka ji an ce hawa na shida, sai su ce ruwan nasu an riga an saye. 'Yan masallacin kuwa dattawa ne, kowa da ciwon da yake lallaɓawa, sai su ɗaga kai su dubi tagar Malam Tanimu can kusa da shirwa, su ce Allah ya saka da alheri.

Sau ɗaya tak aka taɓa gwadawa. Alhaji Nata'ala mai sayar da yadi, mutum ne mai jiki kuma ba ya wasa da cikinsa, ya ji an ambaci miyar kuɓewa ɗanya ya ce yau kam sai ya gani. Malam Tanimu ya shige gaba gabansa na faɗuwa, don ya san malmala biyu ce kawai a kwanon. Allah ya rufa asiri, a hawa na uku numfashin Alhaji ya ƙare, ya zauna daɓas a bakin ƙofar wani malamin makaranta. Aka kawo masa ruwa, aka yi masa fifita, daga ƙarshe tuwon malamin makarantar ya cinye. Da ya sauko kuma sai ya riƙa ba da labarin karamcin Malam Tanimu, wai ko hanyar gidansa ka kama ba za ka kwana da yunwa ba.

Haka suna ya yi ta tafiya. Liman Ɗayyabu in yana wa'azi a kan ciyarwa, da Malam Tanimu yake ba da misali, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana jan carbi, daɗi kamar ya kashe shi. Hansatu ce kaɗai ta san girman tukunyarta, ita kuma ba mai yawan magana ba ce.

Ana nan sai benen ya fara nuna tsufa. Bango ya tsage, rufi yana yoyo, ruwan bayin na sama yana ɗiga a ɗakin na ƙasa. Mazauna suka kafa kwamiti don a kai kuka ga hukuma, kuma wa za a naɗa shugaba in ba mutumin kirki ba? Malam Tanimu ya karɓi aikin hannu bibbiyu. Ya je ofis, ya je gidan rediyo, duk inda ya ga taro sai ya naɗe ƙafar wando ya nuna gwiwarsa, ya ce a duba abin da matakala ta yi wa bawan Allah. Gwiwar dai da ɗan kumburi, ba a ce babu ba, amma ranar da 'yan jarida za su zo har ɗingishi yake ƙarawa. Ya ce shi babban baƙin cikinsa ma ba ciwon ba ne, a'a, yadda benen ya raba shi da baƙinsa, ga abinci kullum ana dafawa ba mai iya hawa ya ci.

Kuka ya karɓu. Hukuma ta ce za ta rushe Dogon Gida ta gina sabo a wurin, mazauna kuma a mayar da su wasu ƙananan gidaje da aka gina a bayan gari. Ranar da katafila ta kafa wa benen baki, Malam Tanimu yana gaba-gaba, ana ta yi masa barka. Saboda gwiwarsa kuma, da irin wahalar da ya sha wa jama'a, aka zaɓa masa gida na farko a layi, a ƙasa, jikin masallaci, har da dakali mai faɗi a ƙofa. Ya yi ta godiya. Bai tuna cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka ba.

Daren farko a sabuwar unguwa, aka sallame magariba. Baki kuwa abin da ya saba shi yake yi, ba ya shawara da mai shi. Malam Tanimu ya miƙe ya karkaɗe riga.

"Jama'a, bismillah, ku taso mu ci tuwo."

Ya juya zai fita kamar kullum, sai ya ji motsi a bayansa. Da ya waiga, sai ga sahu guda cur ana neman takalma. Alhaji Nata'ala ne a gaba, yana cewa yau Allah ya yi, abin da aka daɗe ana yi musu tayi suna ƙi, ai sun ɗauki alhakin bawan Allah da yawa. Daga ƙofar masallaci zuwa dakalin kuwa ko gurgu ba zai nemi taimako ba.

Malam Tanimu ya shimfiɗa musu tabarma, ya faɗa cikin gida kamar an biyo shi. Hansatu ta saurare shi har ya gama, ta buɗe kwano ta nuna masa malmala biyun nan da ya sani. Ta sake ɗora tukunya, ta tsinka miyar kuka da ruwa har sai da ta ga fuskarta a ciki, ta zaga ta baya ta aro gari wajen maƙwabciya. Aka ci aka suɗe, aka yi wa maigida addu'a mai tsawo. Shi ko loma bai kai ba, ya ce cikinsa ne ya ɗan ɓaci. Ranar ya kwana yana jin hanjinsa na kiran ciroma.

Washegari ya ƙudura ba zai yi tayi ba. Aka idar da salla ya lallaɓa ya fice shiru. Kafin ya cire hula sai ga sallama, wai jama'a sun ga bai yi magana ba, sun zo duba ko gwiwar ce ta motsa. Mai dubiya kuwa da ya zo daidai lokacin da ake kwashe tuwo, ba a ce masa ya koma. Ya gwada yin magariba a wani masallaci can bakin titi, ya dawo ya tarar da su a jere a dakali, sun ma shimfiɗa tabarmar da kansu don kada su wahalar da shi. Labari ya kai unguwannin maƙwabta cewa mutumin nan da ake faɗa a wa'azi ya sauko ƙasa. Aka fara ganin fuskokin da ko a Dogon Gida ba a san su ba.

Buhun masarar da ƙaninsa ya aiko daga ƙauye, wanda a da yake kai su har wata kaka, ya kwanta. Kajin Hansatu suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramar tukunya ta koma ƙarƙashin gado, aka fito da ta biki. Malam Tanimu ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, jama'a kuwa suna cewa hasken ciyarwa ne ya fito masa a fuska. Abin yana cinsa ƙwarai, don ya san kalma ɗaya za ta raba shi da wannan wahala, kuma ita ce za ta raba shi da sunan da ya yi rabin rayuwarsa yana tarawa.

Wata safiya Hansatu ta juye ragowar garin a faranti ta ajiye a gabansa.

"Malam, shekara da shekaru kana tayi ina jin ka ta taga, ban taɓa cewa uffan ba, don bakinka ne kaɗai ke aiki. Yanzu kuwa hannuna ne. Ko ka rufe baki, ko ka buɗe aljihu."

Ya ce ta yi haƙuri, ai baƙo da arzikinsa yake zuwa. Ta ce ta ga baƙin, arzikin ne har yanzu bai gano gidan ba.

Ana cikin haka sai hukuma ta turo wani matashin jami'i, Injiniya Nafi'u, yana bi gida-gida. An fara ɗora sabon bene, aka ce a tambayi tsofaffin mazauna, wanda yake so ya zauna inda yake ya zauna, wanda yake so ya koma in an gama a ware masa. Kusan kowa ya ce shi da bene har abada. Da ya iso gidan shugaban kwamiti ma cewa ya yi gaisuwa kawai ya tsaya yi, don ya san amsar Baba tun kafin ya tambaya. Malam Tanimu ya dubi dakali, ya ga Alhaji Nata'ala har ya iso tun la'asar yana gyangyaɗi. Ya kama hannun Injiniya ya ja shi bayan gida, ya rage murya ya ce shi komawa zai yi, kuma hawan ƙarshe yake so.

Injiniya ya yi sororo. Ya ce shi fa da kunnensa ya ji Baba a rediyo, da idonsa kuma ya ga gwiwar a ofishinsu.

"Baba, ba kai ka ce matakala ta cinye maka gwiwa ba?"

"Ɗana, matakala gwiwa kaɗai take ci, ita ma a hankali. Leƙa dakalin can ka ga masu ci da gaske."

Injiniya ya danne dariya. Ya ce to ai Baba ya kwantar da hankalinsa ta wajen gwiwa, domin sabon benen ba irin tsohon ba ne. Hawa goma ne, kuma za a sa masa lifta, ɗan ɗakin nan da mutum zai shiga ya danna, kafin ya gama salati ya gan shi a sama. Tsoho da mai jiki da mai sanda, kowa zai hau har ƙololuwa ba tare da ya yi haki ba.

Malam Tanimu ya ji kamar an zuba masa ruwan randa. Ya jingina da bango, ya hango Alhaji Nata'ala da jama'arsa suna fitowa daga ɗan ɗakin nan a hawa na goma, ko gumi babu, yunwar ma ba ta taɓu ba. Ya sunkuyar da kai yana shafa gemu. Can sai ya ɗago.

"Ita liftar nan, da me take tafiya?"

"Da wutar lantarki, Baba."

"Wutar nan dai tamu ta gari, wadda muka sani?"

"Ita fa."

Fuskar Malam Tanimu ta washe, ya karkaɗe riga, ya riƙe hannun Injiniya gam da hannu biyu.

"Alhamdulillahi. A ba ni na goman. Kuma ranar da na tare, don Allah kada ka ƙi, ka zo mu ci tuwo."