Fridolin a Cikin Buhun Dankali

"Sau ɗari uku da goma sha ɗaya na hau dutsen Haƙorin Tsohuwa da ƙafafun nan," in ji Fridolin Imboden, yana bubbuga cinyarsa. "Sau ɗaya ma da maraƙi a kafaɗa, don uwarsa ta manta shi a ƙasa."

Abokina, da ka san Fridolin da ka gane irin kallon da muka yi wa juna. Mai gyaran agogo ne a ƙauyenmu, gajere, tumbi kamar tulu, ga gashin baki da yake murzawa kafin kowace ƙarya. Tare muka tashi, don haka na san iyakar hawansa: matakai uku na ƙofar coci, su ma sai ya dafa bango. Amma a baki babu dutsen da bai taka ba. A gabansa muna ce masa Zakin Tudu, in ya juya baya kuwa Tulu.

Abin da ya kunna shi ran nan shi ne Ottilie na wurin. Ita ke riƙe da gidan abincin da ke ƙololuwar dutsen tun rasuwar mijinta, shi kuwa shekara uku yana sonta, duk saukowarta sai ya karɓi agogonta ya gyara, ko da lafiyarsa lau. To, duk shekara idan ƙanƙara ta narke daga hanya, mazan ƙauye kan yi tseren hawa da ƙafa. Wanda ya fara isa ya kaɗa ƙararrawar da ke ƙofar Ottilie, shi za ta rataya wa furanni a wuya, kuma shi za ta fara rawa da shi. Ottilie ta ajiye kofinta ta tambaye shi ko bana zai shiga. Ya ce shiga kawai? Kafin na biyu ya iso ya sha kofi ya yi aski. Motar igiya kuwa, wadda ke hawa da mutane kan dutsen a rataye, in ji shi, an yi ta ne don baƙi masu ɗaukar hoto da waɗanda gwiwarsu ta riga su mutuwa. Kuma a ranar zai faɗa mata wata magana a gaban kowa.

"Allah ya kai mu Asabar," in ji Ottilie.

Asabar da safe ya fito da sabon takalmi, da igiya a kafaɗa, da gatarin ƙanƙara har biyu, kamar mai zuwa yaƙi. Ana busa ƙaho ya zabura ya wuce mu duka, ya sha kwana bayan rumbun ciyawa, ba mu sake ganinsa ba. Ashe tashar motar igiya ya nufa. Dabararsa ita ce ya rufe fuska ya shige cikin baƙi, ya sauka a sama ya shafa ruwa a goshi kamar gumi.

Yana leƙawa ya ga motar fasinja cike da matan ƙauye, yayarsa Walburga a bakin ƙofa, matar da ke gane shi ko daga tari. Ya ja da baya. Can gefe kuwa ga motar kaya, buɗaɗɗen akwati ne kawai da ke kai wa Ottilie cefane, an jera buhunan dankali a ciki, har da wani buhu babu komai. Zakin Tudu ya jefar da gatari, ya shige buhun ya naɗe.

Severin mai lodi ya dawo ya ga buhu guda baki a buɗe. Ya zagi manoman zamani da ba su iya ɗauri ba, ya tattara bakin ya ɗaure tamau, ya ɗora wani buhun a kai. Sannan ya jawo kaya na ƙarshe, wani ƙaton bunsuru da za a kai wa garken da ke kan dutsen, ya tura shi ciki ya danna maɓalli.

Ba su yi nisa ba bunsuru ya gaji da kallon gari ya fara neman abin ci. Duk buhunan nan, wanda ke motsi ya zaɓa. Ya ci buhun ta baya, ya tarar da wando, ya ci gaba. Fridolin ya jure, ya cije, ya yi ta mutsu-mutsu har ya samu ya juyo da fuskarsa wajen ramin da bunsuru ya huda. Da ma bai juyo ba. Ta tsagar katako ya hango ƙasa, itatuwa kamar ashana, shanu kamar ƙwarkwata, hankaka na shawagi a ƙarƙashinsa.

Daidai nan iska ta taso, aka tsayar da igiya kamar yadda aka saba. Akwati ya tsaya yana lilo. Ka san ina ya tsaya? Saman falalen dutsen da masu tsere ke hutawa. Muna zaune mu kusan talatin muna haki, sai muka ji murya daga sama tana kiran Mama. Fada Benedikt, limamin cocinmu, wanda ke bin mu duk shekara don yi wa dutsen addu'a, ya cire hula ya durƙusa.

Fridolin ya riga ya sallama cewa mutuwa ce ta zo, kuma ba ya son ya tafi da kaya a wuya. Sai ya fara furta zunubansa da iya ƙarfinsa. Wurin nan kuwa kwari ne mai amsa-kuwwa, duk abin da ka faɗa sai ya maimaita sau uku. Ya ce bai taɓa hawan dutsen nan ba, dutse ya ce bai taɓa ba, bai taɓa ba, bai taɓa ba. Ya ce maraƙin nan ƙarya ne, ko kyanwa bai taɓa ɗauka ba. Ya ce lambar yabon da ke rataye a shagonsa a kasuwar gwanjo ya saye ta. Ya ce shi ke rage wa agogon coci minti biyar duk wata don a riƙa kiransa gyara.

Fada Benedikt ya miƙe a hankali ya kakkaɓe gwiwarsa.

"Shekara tara ke nan ina yi wa mutane faɗa kan makara," in ji shi.

Tsoho Kaspar makiyayi ya kafa hannu a baki ya tambayi sama ko akwai saura. Fridolin ya ɗauka mala'ika ne, ya ce akwai, ranka ya daɗe: gashin bakin ma rini yake yi masa da man takalmi. Wannan har ƙauyen da ke bayan dutse sun ji.

Iska ta lafa, igiya ta motsa. Kuma gaskiya ɗaya zan faɗa a kansa, ya riga mu isa. Yana jin akwati ya taɓa ƙasa sai ransa ya dawo, ƙarya ma ta dawo tare da shi. A tunaninsa tsakaninsa da Ubangiji aka yi maganar. Ya fito ta ramin buhu da rarrafe, ya kama abin da ya rage na wandonsa da hannu ɗaya, ya ruga wajen ƙararrawa. Bunsuru kuwa bai gama cin abincinsa ba, ya bi shi. Saura taku biyu ya tunkuye shi cikin kwamin ruwan shanu, sannan bunsurun ya ga igiyar ƙararrawa na reto, ya kama da haƙori ya ja. Ƙararrawa ta kaɗa, matan da ke tsaye a baranda suka tafa.

Ko da muka iso, bunsuru na cin furannin da Ottilie ta rataya masa a wuya, Fridolin na zaune a jiƙe cikin bargo, baƙin ruwa na gangarowa daga gashin bakinsa zuwa haɓa. Duk da haka da ya ga mun taru sai ya miƙe ya murza gashin bakin, ya ce wata ɓoyayyiyar hanya ya biyo wadda shi kaɗai ya sani, kuma yanzu zai faɗa wa Ottilie maganar da ya yi alkawari.

"Bar shi, Fridolin," in ji ta. "Na ji duka. Sau uku-uku."

Sai maganar sauka ta taso. Aka ce ya shiga motar fasinja, ya ga tagogi ya ce ko a mafarki. Aka ce to ya bi mu da ƙafa, ya leƙa gangaren ya rungume sandar tuta ya ƙi saki. Walburga ta ja, Fada ya lallasa, a banza. Ƙarshe da bakinsa ya ce in dai ba zai ga ƙasa ba zai iya. Severin ya je ya ɗauko sabon buhu, Zakin Tudu ya shiga da ƙafarsa a gaban ƙauye guda, yana bayanin cewa manyan masu hawa duk haka suke sauka don kare ido daga hasken ƙanƙara.

"Severin, wannan karon ka ɗaure bakin da kyau," in ji Ottilie.

Severin ya tsaya da igiya a hannu. "Na buhun ko nasa?"

"Fara da nasa."