Likitan Kati Ya Ƙaurace wa Gado

Unguwar nan ba ta taɓa yin masani kamar Likitan Kati ba. Shekara goma sha ɗaya yana zaune a bayan tagar asibiti yana miƙa wa marasa lafiya kati, kuma an san mai zama kusa da mai turare ba ya rasa ƙamshi. Farar rigar da yake sawa, da kuɗinsa ya ɗinka ta. Biro uku ne a aljihunta, ɗaya ke rubutu. Likitocin da, masu tsabtar farce da taushin murya, sukan ce “ban sani ba” in abu ya shige musu duhu. Shi kam Allah ya raba shi da wannan rauni.

Da matarsa ta samu cikin fari, ya zaunar da ita a falo, ya gyara murya kamar mai buɗe taro.

“Uwargida, kimiyya ta yi hani. Daga yau har ki sauka, ba ni ba gadon nan. Kan jariri ɗanyen ƙwai ne. Ina ma'aikacin lafiya, ba za a haifa mini ɗa mai lotsattsen kai ba.”

Wata huɗu ya yi yana kwana a doguwar kujera, a lanƙwashe kamar lauje, gari ya waye ya je shagon aski ya koya wa magidanta sadaukarwa. Ko hannunta ya daina riƙewa, wai daga hannu ɓarna ke farawa. Ranar da ya same ta gaban madubi tana hawaye, tana tambaya ko ƙyamarta yake yi tun da jikinta ya sake, sai ya ja fatar idonta ya duba, ya ce ƙarancin jini ne.

Aka zo ranar awon da ake so mata su taho da mazajensu. Ya zauna a bencin gaba. Ungozoma ba ta yi nisa ba ya miƙe don ya taimaka mata, ya bayyana wa jama'a dokarsa dalla-dalla.

Ungozomar ta sauke tabarau. “Malam mai kati, in ba zubar jini, ruwa bai fashe ba, likita bai hana ba, ai ba laifi. Yaro na rufe cikin ruwansa, bai san me kuke ciki ba. A dai bi a hankali, kada a danne cikin. Wane likita ne ya hana ku?”

“Ga shi nan tsaye,” in ji matarsa.

Mata suka rufe baki da mayafi. Gwaninmu ya tuna yana da aikin gaggawa a taga.

Da la'asar ya tsaya a ƙofar ɗaki, ya sanar cewa bayan dogon nazari ya janye dokar, daga yau.

Matar na ninke kayan jariri, ba ta ɗago ba.

“Maigida, ka fita ungozoma ba ta ƙarasa ba. Ta ce kuma sai in matar na so.” Ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura, ta tura masa kwalbar man shafawa. “Tuɓe farar rigar nan ka zauna a ƙasa. Fara da ta hagu. In ka iya wannan, nan da mako guda ma duba ko za a yi maka ƙarin girma.”