Ranar Da Na Liƙe Daddawar Alhaji Sabo

Abin da ba zan taɓa mantawa ba a zaman kullen korona a unguwar Cheras ta Malesiya shi ne yadda na kusa hana gida ashirin cin miyar kuka da Sallah.

Alhaji Sabo, maƙwabcinmu, shi ke sayar mana da kayan miyar gida. Da aka rufe jirage, ɗan abin da ya rage masa na kuka, daddawa da kilishi ya fi zinare daraja. Matarsa kuwa ta rantse daddawa ba za ta kwana mata a falo ba, sai ya zuba komai a akwatin gefen wata tsohuwar mota mai ɗaki a ciki, wadda ya saya hannun wani Bature. To, robar bakin ƙofar akwatin ta ruɓe, ga ruwan Malesiya da ba ya sallama. Ya samo sabuwar roba, amma duk gareji a rufe.

"Injiniya, boleh?" ya tambaye ni ta cikin takunkumi da yaren 'yan ƙasar, wato ko zan iya sa masa ita.

(A nan ya kamata in ce masa injiniyancina na kwamfuta ne, ko tayar keke ban taɓa canzawa ba.) Amma matata, Maman Hanifa, na tsaye tana kallona da alfahari. Sai na ji bakina ya ce, "Haba Alhaji, wannan ai wasan yara ne."

Duk ilimina a kan roba daga wani mai faci a Kurna, can gida, na same shi, inda nake zama ina jiran babur. Na ga yadda yake yi: ya kankare, ya shafa gam, ya hura, ya danne. Haka na yi. Na ɓamɓare tsohuwar, na lafta gam a bakin akwatin, na lafta wa sabuwar robar ciki da waje don kada a ce na yi rowa. Sannan na rufe ƙofar, na jingina da ita da dukkan nauyina, ina yi wa Alhaji bayanin yadda zafi ke buɗa ƙarfe. Har "Masha Allah" ya ce.

Washegari, saura kwana biyu Sallah, mata suka sauko daga benenmu da robobinsu, kowacce ta ba da tazara. Alhaji ya murɗa makulli ya ja. Shiru. Ya sa ƙafa ya ja. Motar ce gaba ɗaya ta girgiza, ƙofa ko gezau.

"A kira Injiniya!"

Wallahi da na san abin da ke jirana, da na ce tari nake yi, a killace ni sati biyu. Na zo na ja, na buga, na yi bismilla na sake ja, hannun ƙofar ya taho a hannuna. Wata Hajiya ta ce, "Ikon Allah! Wannan ne mai digiri ukun?" Na gode wa Allah da takunkumi, don shi kaɗai ya rufa min asiri a ranar.

Alhaji ya ɗauko guntun robar da ya rage, ya tura shi a gefen wata ƙofar da babban yatsa. Ƙyas, ya zauna daram. Ashe tsaga gare ta, kama ƙarfe take yi da kanta, ba ruwanta da gam.

"Abban Hanifa, matsa," in ji matata, ba ta ko dube ni ba. Ta hau sama ta dawo da zaren kitso da man gyaɗa. Ta zura zaren ta tsagin ƙofar, ita da Hajiyar nan suna ja kamar masu yankan sabulu, ni kuma aka ba ni riƙon kwalbar mai. Awa biyu ina riƙe da ita.

Da ƙofar ta buɗe, warin daddawar da ta kwana a rufe cikin zafi ya daki kowa, har wani ɗan Malesiya da ke wanke motarsa ya ƙara takunkumi na biyu. Kuka da daddawa sun tsira. Kilishin ne ya sha warin gam har ya ƙoshi.

"Amma dai ruwa bai shiga ba," na ce a hankali.

Ba wanda ya yi dariya. Ranar Sallah Alhaji ya aiko min da kilishin duka, wai barka da Sallah, tunda ni na ƙara masa yaji.

Tun daga nan na koyi cewa "ban iya ba" ba ta kashe mutum. In kuma girman kai ya hana ka faɗa, to don Allah ka fara fitar da abincin mutane kafin ka nuna gwaninta.